Yadda Ake Yaye Yaro Ba Tare da Ya Rame Ba

A gidajenmu da yawa yaye aikin rana ɗaya ne. A sa rana, a karɓo rubutu wurin malam, a yi wa yaro wanka, a ƙulle 'yan kayansa a zane a kai shi gidan kakarsa. Jiya da daddare yana manne da ƙirjin uwarsa, yau babu nonon babu uwar. Ya yi kwana biyu ko uku yana kuka har muryarsa ta dishe, sannan ya yi shiru, sai a ce ya haƙura. Bayan mako biyu a dawo da shi wuya ya yi tsawo, ido ya faɗa, ga gudawa, kowa ya kalle shi ya ce, "Ai yaye ne, zai murmure." Wasu kam suna murmurewa. Wasu kuwa daga nan ake fara zarya tsakanin gida da asibitin tamowa.

Ramar yaye ba dole ba ce. Abin da ke kawo ta shi ne cire nono kafin yaro ya iya cin abincin da zai riƙe shi. Saboda haka tsarin da zan bi da ke a nan yana cin wata ɗaya zuwa biyu, kuma mafi yawan aikinsa a madafa yake.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Maganar shekaru ba ta da gardama sosai. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, kuma ayar ta ba da damar a yaye kafin nan idan uwa da uba sun yi shawara sun yarda. Hukumar Lafiya ta Duniya ma nan ta tsaya: nono zalla na wata 6, sannan nono tare da abinci har shekara 2 ko fiye. Ko a shekara ta biyu, lokacin da mutane ke cewa "ai ruwa ne kawai yake sha", nono na iya ba yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke buƙata. Wannan kason ne za ki nemo masa a cikin kwano, kuma ba ƙarami ba ne.

Bayan shekaru sai yanayi. Kada ki fara yaye yaro yana zazzaɓi, yana gudawa, ko bai daɗe da tashi daga ciwo ba. Yaron da ba shi da lafiya yakan ƙi kowane abinci amma ya karɓi nono, kuma sau da yawa shi ne ke riƙe shi har ya warke. Haka nan kada ki haɗa masa yaye da wani sauyi: tashi daga gida, tafiyar uba, fara zuwa makarantar raino, ko koyon zama a fo. A bi su ɗaya bayan ɗaya.

Idan kina da zaɓi, ki duba watan da ake ciki. Tsakiyar bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi na busar da yara, kuma lokacin ƙyanda da sanƙarau ne. Tsakiyar damina kuwa zazzaɓin cizon sauro da gudawa ne ke yawo, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. A ganina bayan girbi ya fi, daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da sabon gero da wake da gyaɗa suka shigo kasuwa, kabewa da dankali suna arha. Mata da yawa kuma suna gaggawar yaye saboda azumi ya gabato. Mai shayarwa tana da rangwame a shari'a; ki tambayi malaminku hukuncin kafin ki yanke wa yaron da bai shirya ba.

Sai babbar magana, wato sabon ciki. Da zarar mace ta gane tana da ciki, tsofaffi kan ce a cire yaro a ranar, wai nonon ciki guba ne, shi ke sa yaro ya lalace. Nonon mai ciki ba ya zama guba. Abin da ke faruwa shi ne yakan ragu, ɗanɗanonsa ya sauya, kan nonon kuma ya riƙa zafi. Yaron da ake cewa "ya sha ciki" yawanci yunwa ce ta kama shi: nono ya ragu ko an cire shi farat ɗaya, ba a kuma ƙara masa abinci ba. Don haka ko kina da ciki, ki bi matakan nan a hankali, ki kuma ƙara wa kanki abinci. Wadda ta taɓa haihuwar bakwaini, ko take ganin jini, ko ciki ke murɗa mata idan tana shayarwa, ita ce ya kamata ta fara jin ta bakin ungozomar asibiti.

Mataki na biyu: ki cika cikinsa tukuna

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi yin sake. Kafin ki rage ko da shayarwa ɗaya, ki ɗauki mako biyu zuwa uku kina gyara cin abincinsa.

Fara da kununsa. Ki ɗebo shi a cokali ki karkata. Idan ya tsiyaye nan take, ruwa kike ba shi. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya da rabi ƙarami ne, kofi ɗaya ya cika shi, to idan kofin nan ruwa-ruwan koko ne, ya ƙoshi a ido amma jikinsa bai samu komai ba. Kunun yaye sai ya yi kaurin da zai zauna a cokali, ya zubo a hankali. Kuma kamu zalla, ko da kauri, bai wadatar ba. Gero da dawa da masara suna ba da ƙarfi, amma gina jiki sai da wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, nama ko madara.

Akwai haɗin garin da ma'aikatan lafiya ke koyar da mata a arewacin Najeriya, wanda ake kira Tom Brown. Ma'auninsa: gero ko dawa kashi 6, waken suya kashi 3, gyaɗa kashi 1. Ki auna da gwangwanin madara, kada ki yi da yawa lokaci guda. Ki tsince geron ki wanke ki shanya. Waken suyan ki jiƙa shi, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe ƙayau. Gyaɗar ki zauna ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi baƙi, ta yanƙwane ko ta yi fumfuna ki zubar, domin fumfunar gyaɗa na da dafin da suya ba ta kashewa. Sannan ki soya kowanne daban a kasko da wuta kaɗan har ya yi ƙamshi, kada ya ƙone, ki haɗa a kai inji. Ki ce wa mai injin ya fara share shi, kada garin yaro ya dawo da yajin wani. Ki tankaɗe, ki zuba a roba mai murfi. Wajen damawa, ki kwaɓa da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa, ki bar shi ya dahu sosai a kan wuta. Waken suya ba ya son rabin dahuwa. Idan kin sauke ki sa ƙaramin cokali na manja, man gyaɗa ko man shanu. Wannan ɗan man yana ƙara ƙarfin kunun ba tare da ya ƙara yawansa ba. Sukari kaɗan ya isa, in ma kin samu dabino ki daka, ya fi.

Amma kada kunu ya zama shi ke nan. Yaron da ya wuce shekara ɗaya abincin gida yake ci, sai dai a tausasa masa. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, a marmasa kifi a ciki bayan an zare ƙaya tsaf. Faten wake da manja. Faten tsaki da alayyafo ko zogale. Alale, awara, dafaffen ƙwai, dankalin Hausa, kabewa. Hanta ko sau ɗaya a mako, a dafa a daka, don tana ƙara jini. Gwanda, ayaba, mangwaro, lemo, kankana, duk wanda lokacinsa ya kama. Ki ɗebi nasa kafin ki zuba yaji. Kuma don Allah a daina hana yara ƙwai da sunan zai sa su sata. Ƙwai ɗaya a rana na daga cikin mafi arhar abin da zai gina yaro.

Yawan ci fa? Yaro ɗan wata 12 zuwa 24 da ke shan nono yana buƙatar abinci sau 3 zuwa 4 a rana, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani. Idan an cire nono, sai ya koma sau 4 zuwa 5, da madara kofi ɗaya zuwa biyu. Kowane ci kuma ya kai kashi uku cikin huɗu na kofi mai mililita 250, ko cikakken kofin. Madarar na iya zama ta gari, ko ta shanu da aka tafasa, ko kindirmo mai tsabta. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi ba abincin yaro ba ce, sukari ne. Shayi ma haka: yana cika ciki, yana kuma hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfen da ke ƙara jini. Lemon kwalba da biskit da alewa kafin abinci su ne ke sa ki ce "yaron nan ba ya cin abinci".

Abu ɗaya da nake ganin ya fi kowanne tasiri, kuma ba ya cin ko kwabo: ki ba shi kwanonsa shi kaɗai. A gidan yawa ana zuba wa yara a faranti ɗaya. Ɗan shekara biyu ya ɗauki loma ɗaya yana juya ta a baki yana kallon kaza, kafin ya haɗiye yayyensa sun suɗe kwano sun tashi. Uwa na ganin an ci an cinye, ba ta san ƙaramin loma uku ya samu ba. Da kwanonsa za ki san abin da ya ci da abin da ya rage. Ki wanke hannunki da nasa da sabulu, ki zauna tare da shi, ki bar shi ya sa hannu ya ɓata jiki, ke kuma kina taimaka masa da cokali. Idan ya kau da kai ki ɗan jira ki sake gwadawa. Abincin da ya ƙi yau ki sake kawowa jibi, yara kan ƙi sabon abu sau da yawa kafin su karɓa.

Ɗura kuwa a bar ta. Kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a tara kunu a tafin hannu a zuba masa yana kuka, hanya ce ta shigar da kunu cikin huhu, kuma an rasa yara ta haka. Ko bai shaƙe ba, ya koyi cewa abinci faɗa ne. Gyaɗa ɗaiɗaya, aya, gurjiya da guntun rake ma ki nisanta su da shi, suna maƙalewa a maƙogwaro; gyaɗa sai an niƙa.

A cikin waɗannan makonnin ki koya masa sha da kofi. Kada ki maye nono da fida. Wanke ta da wuya, gudawa take kawowa, kuma wata rana sai kin sake yaye shi daga gare ta.

Yaushe za ki wuce mataki na gaba? Idan ya yi mako guda cur yana cin abinci aƙalla sau uku a rana da kansa ba da faɗa ba, yana kuma shan ruwa da madara a kofi.

Mataki na uku: nonon rana

Ki lura da lokutan da yake sha. Za ki ga wasu na yunwa ne, wasu na barci, wasu kuwa don kawai ya gan ki a zaune ne. Na ƙarshen nan su ne masu sauƙin cirewa, da su za ki fara. Ki daina miƙa masa da kanki. Idan ya nema kuma kada ki ture shi. Ki riga shi. Kin san da hantsi yakan zo ya ɗaga miki riga, to kafin lokacin ki ajiye masa ayaba ko kofin kununsa, ki ɗauke shi ku leƙa waje, ko ki tura shi wurin yayyensa. Wurin da kika saba zama ki shayar da shi, tabarmar nan ta ƙofar ɗaki ko bakin gado, ki ƙaurace masa na ɗan lokaci. Ki sa riga mai rufaffen wuya.

Ki cire shayarwa ɗaya, ki bar kwana uku zuwa biyar, sannan ki cire ta gaba. Wannan tazarar tana yi wa jikinki amfani kamar yadda take yi wa yaron, domin nono na raguwa ne gwargwadon yadda ake shan sa. Wadda ta rage ma ki gajarta ta: ya ɗan sha, ki ce "to ya isa", ki miƙa masa kofi.

Ki yi masa magana. Yaro ɗan wata 20 yana jin fiye da abin da yake iya faɗa. "Mama sai dare." "Yanzu ga kununka, idan an yi isha sai ka sha." Ki kuma cika alkawarin idan daren ya yi. Abin da ba na so shi ne tsoratarwa, a ce akwai dodo a ciki ko kashi ne. Zai bari, amma ya bari ne da tsoron jikin uwarsa.

Zai yi rigima, wannan babu makawa. Zai yi birgima, ya ja miki riga, wani ma ya cije ki. Goyo na maganin da yawa daga cikin wannan, domin a baya yana jin ɗuminki amma nonon ba ya gabansa. Idan kin ga rigimar ta wuce misali, ya daina cin abinci, ya koma fitsarin da ya daina, ko ba ya yarda ki matsa ko nan da can, kin yi sauri. Ki tsaya a inda kike na mako guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na huɗu: dare

Nonon dare shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mai wuya, don yaron bai san wata hanyar yin barci ba sai da nono a baki. Dole sai kin koya masa wata. Ki ba shi abinci mai nauyi bayan magariba, ki ƙara masa madara ko kunu kafin kwanciya, ki goge masa haƙora. Sannan ki tsara abin da za ku riƙa yi kullum iri ɗaya: wanka, shafa mai, addu'ar barci, 'yar waƙa ko tatsuniya, jijjiga. Da farko ki ba shi nonon amma ki zare kafin barci ya ɗauke shi, ki ƙarasa da bubbuga baya. Bayan 'yan kwanaki ki daina bayarwa gaba ɗaya.

Nan ne ake buƙatar maigida. Yaro na jin ƙamshin nono a jikin uwarsa, da wuya ya haƙura a hannunta da ƙarfe biyun dare. A hannun ubansa kuwa ya san babu, sai ya yi kukansa ya gaji ya kwanta. Ki faɗa masa tun da rana: "Baban yara, daren yau da na gobe sai ka taimaka mini. Idan ya farka kai za ka ɗauke shi, ga ruwa a kofi, ga kunu a fulas." Ya saɓa shi a kafaɗa ya zagaya tsakar gida. Idan maigida ba ya nan, ƙanwarki ko abokiyar zama ko wata babbar 'ya za ta iya. Yawanci dare uku zuwa biyar na farko su ne masu zafi. Ku zaɓi daren da ba a tashi aiki da sassafe washegari, ku kuma sanar da maƙwabtan ɗaki don kada a zaci wani abu ne.

Kada a ba yaro maganin mura mai sa barci don a samu sauƙin daren. Ana yi, ana ma ba juna shawararsa, amma haɗari ne ga ƙaramin yaro. Kuma duk inda aka mayar da shi ya kwana, a bi shi da gidan sauro.

Maganar kai shi gidan kaka

Ba na cikin masu cewa al'adar nan ba ta da tushe. Kaka tana da haƙurin da uwa ba ta da shi, ba ta da nonon da za ta karaya ta bayar, kuma yaye a hannunta na ƙulla shaƙuwar da ke daɗewa. Matsalar ita ce yaro ya rasa abu biyu a rana ɗaya, abincinsa da uwarsa, a gidan da wataƙila bai saba da shi ba. Yaron da ke cikin damuwa ba ya ci. Kaka kuma, saboda tausayi, sai ta bi shi da koko da shayi da biskit, duk abin da zai karɓa.

Idan za a kai shi, a kai shi a ƙarshe, bayan an gama mataki na biyu da na uku, saura nonon dare kawai. Ya zama ya saba da ita, yana wuni a can tun kafin ranar. Ki haɗa masa garin kununsa, kofinsa, kwanonsa da zanen goyon da ya sani. Kwana uku zuwa mako ɗaya ya isa. Wanda ya fi mini duka shi ne kakar ta zo gidan ta kwana da shi a wani ɗaki, da safe ya ga uwarsa.

Faɗar wannan ga suruka sai da dabara, kuma ya fi kyau ya fito daga bakin ɗanta. In ke ce za ki faɗa, kada ki shigo da maganar asibiti ta ce, likita ya ce. Nan take za ta ji ana raina rainon da ta yi. Ki nemi taimakonta: "Inna, mai gidan nan naki ya ƙi cin abinci a hannuna, na san ke zai ci. Da za ki zo ki kwana mana biyu, ki gyara mini shi kafin a cire shi." Da wuya kaka ta ƙi irin wannan.

Rubutun yaye kuwa, wanda ya saba ya yi, a dai wanke da ruwa mai tsabta a mazubi mai tsabta. Shafa maɗaci ko wani abu mai ɗaci a kan nono ba na ba da shawararsa, don in an bi matakan nan ba a buƙatarsa. Barkono, man zafi, toka da makamantansu kuwa kada a kusance su ko kaɗan: suna ƙona bakin yaro da fatar uwa, wasu ma guba ne in an haɗiya.

Jikinki

Idan kin rage a hankali, nonon ba zai yi miki tsanani ba. In ya cika ya yi tauri, ki tatse kaɗan da hannu, daidai yadda za ki ji sauƙi, kada ki tatse duka don sai ya sake kawowa. Ki ɗora tsumma mai sanyi, ki sa rigar mama da ta riƙe ki ba ta matse ba. Ɗaure ƙirji tamau da zane yana iya toshe hanyar nono ya zama ƙurji. Farasitamol na rage zafin. Amma idan wani gefe ya yi ja, ya yi zafi, ga ƙullutu, ga zazzaɓi da rawar sanyi, ki tafi asibiti a ranar. Ganin ɗigon nono bayan makonni ko ma watanni ba ciwo ba ne.

Wasu matan kan ji wani irin ƙunci bayan yaye, hawaye ba dalili, kewar yaron alhali yana gabansu. Sauyin jiki ne, yakan wuce cikin 'yan makonni. Idan ya daɗe ko ya hana ki harkokinki, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Ki kuma tuna kariyar da shayarwa ke bayarwa daga ɗaukar ciki ba abin dogaro ba ce bayan wata 6 da haihuwa, balle an yaye. In kuna son tazara, ku yi maganar ke da maigida tun kafin ki fara.

Watanni uku na bayan yaye

An cire nono ba yana nufin an gama ba, yanzu ne za ki sa ido. Ki kai shi awo kowane wata, a rubuta nauyinsa a katinsa. Yaron da nauyinsa ya tsaya cak wata biyu a jere, ko ya ragu, akwai matsala ko da yana wasa. Ki roƙi ma'aikaciyar ta auna damtsensa da tef ɗin nan mai kala uku: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani da ke buƙatar magani nan take. Kumburin ƙafafu biyu ma haka. Ki danna bayan ƙafarsa da babban yatsa na ɗan lokaci; idan wurin ya lotsa bai taso ba, ba ƙiba ba ce, ku tafi asibiti. Ki duba katin ki ga ko ya karɓi allurar ƙyanda ta wata 9 da ta biyu ta wata 15, ki tambayi ɗigon bitamin A da ake bayarwa duk wata 6 da maganin tsutsar ciki. Idan damina ta shigo, masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na wata-wata suka ƙwanƙwasa ƙofa, ki karɓa ki ba shi har na kwana ukun.

Gudawa ita ce abokiyar gabar sabon yaye, domin ya rasa kariyar da nono ke ba cikinsa, ga shi komai ya samu sai baki. Ki ajiye ledar ORS, wato garin gishiri da sukari na maganin gudawa, da ƙwayar zinc a gida tun kafin ki buƙace su. In babu ledar, ki haɗa da kanki: ruwa mai tsabta lita ɗaya, wato leda biyu na fiya wata, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Bayan kowace gudawa ki ba ɗan ƙasa da shekara 2 rubu'i zuwa rabin kofi, a hankali da cokali. Wanda ya haura shekara 2 rabin kofi zuwa kofi guda. Abin da ya kwana ya wuni ki zubar ki haɗa sabo. Zinc ƙwaya ɗaya kullum na kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Kada ki hana shi abinci wai don ciki ya huta, kuma idan ya warke ki ƙara masa ci ɗaya a rana na mako biyu ya mayar da abin da ya zubar.

Idan ciwon ya same shi kuna tsakiyar yaye, ko kwana kaɗan da cirewa, ya ƙi komai sai nono yake nema, ki mayar masa. Nonon da ya kwana biyu a ƙirji bai yi tsami ba, bai lalace ba, duk da abin da za ki ji ana faɗa. In ya warke kwa sake farawa daga inda kuka tsaya. Amma yaron da ya kasa shan komai, yake amayar da duk abin da aka ba shi, idonsa ya zurma, jikinsa ya saki, yake jijjiga, numfashinsa ke sauri, ko aka ga jini a kashinsa, ba a kwana da shi a gida. Ki goya shi, ki ɗauki katinsa da kofin ruwan gishiri da sukari kina ba shi a hanya, ku nufi asibiti mafi kusa ko da tsakar dare ne.